Lokotoron Murzuna

Ƙamshin tumu ne ya cika gidanmu a ranar. Yaran maƙwabta sun hura wuta a bayan katanga suna gasa zangarniyar sabon hatsi, hayaƙin yana ƙetarowa har cikin ɗakin da mata suka zauna. Lokacin girbi ne, lokacin da kowa a ƙauyenmu yake da abin murna. A cikin wannan ƙamshin motar gidan likita ta hawo duwatsu daga Madawa, ta tsaya a ƙofar zaure da gawar Kawu Ƙarami.

Kawunai biyu gare ni ta wajen Inna. Kawu Babba manomi ne, shi ne maigidan gidan kakanninmu, a wani ƙauye da ke kan tudu tsakanin Tamaske da Keita. Kawu Ƙarami shi aka kai lakwal, wato makarantar boko. Ya yi karatu a Yamai, ya ƙetare teku ya ƙaro, ya dawo ya yi aiki a wata cibiyar binciken noma a Maradi har gashinsa ya yi fari, sannan ya aje aiki ya zauna a Madawa. Inna ce tsakaninsu. A gida ba wanda yake kiransa da sunan yanka. Lokotoro ake ce masa, wato dakta, masu tsokana kuma su ƙara: Lokotoron murzuna.

Masu gaisuwa iri biyu suka zo, kuma har aka watse ba su gane juna ba. Akwai mutanen ƙauye da na ƙauyukan gefe, waɗanda suka san shi tun yana yawo da ɗan wando ɗaya. Su dai abin da suke maimaitawa shi ne, mutum ne mai fara'a, ba ya wuce yaro bai gaishe shi ba, Allah ya jiƙansa. Akwai kuma baƙi da suka zo cikin motoci masu tsayi, ƙurar hanya a fuskarsu, suna magana da Faransanci ƙasa-ƙasa. Wasu daga Maradi, wasu daga Yamai, ɗaya an ce daga wata ƙasa ya kwana yana tafiya. A cikinsu akwai wata mace doguwa, ɗalibarsa ce a da, yanzu ita ke riƙe da ɗakin binciken da ya bari. Ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarma kusa da Tanti, matar marigayin, ta yi ta kuka ba sauti, har gyalenta ya jiƙe.

Taubashiyarsa ce ta fara sa mutane murmushi. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, kuma a wurinmu ko mutuwa ba ta hana taubashi wasansa.

"Ku dube shi," in ji ta, tana nuna ɗakin da ake masa wanka. "Wanga mutum ya tahi ƙasar Turawa, munka ce da jirgi zai dawo muna. Sai ga shi da tsutsa cikin kwalba. Yau kuma ya gudu ya bar ni da zawarci."

Aka yi dariya kaɗan. Sai ta rufe fuska da zane, kafaɗunta suka fara rawa.

Wata gwaggo da ke gefena ta taɓa gwiwata. "Ke ɗiyata, ke da kika yi lakwal. Mutanen ga duka sun taso daga nesa saboda shi. Wai mi ya gano ne?"

Na zauna a gidansa shekarun da na yi a lise, babbar sakandare, na ci abinci a kwano ɗaya da 'ya'yansa, amma a ranar na kasa haɗa mata magana guda. Tun daga lokacin tambayarta take bina.

A ƙofar gida aka yi masa salla, mu mata muna saurare ta bayan katanga. Kafin a tayar, liman ya ce kamar yadda aka saba: jama'a, duk wanda mamacin nan ya yi wa laifi, ya yafe masa don Allah. Muryoyi suka amsa, mun yafe. Sai liman ya ƙara da abin da ba a saba ba, don ya san abin da kowa ya sani.

"Alhaji, kai ne babba. Muna son mu ji daga bakinka."

Muka jira. Na ji kukan kurciya daga kan itacen bedi, na ji wani yana gyara murya. Kawu Babba bai ce komai ba. Da shirun ya yi tsawo, liman ya yi kabbara.

Inna tana tsaye jingine da katanga. A hankali ta zame ta zauna a ƙasa. "Za a rufe mini ƙane da haƙƙin wansa a kai," ta ce, ba da kowa take ba. Wannan ne ciwon da ya zauna a gidanmu bayan baƙi sun tafi.

Ina so in amsa wa gwaggon nan, ko da a makare.

Murzuna duk manomin hatsi ya san ta. Tsutsa ce da ke shiga zangarniya lokacin da ta fara ido, tana ci tana zagayawa, ta bar zane kamar an naɗa zare a jikinta. Idan shekararta ce, sai ka ga gona tsaye kyakkyawa daga nesa, ka matso ka murza zangarniya ka ga ƙaiƙayi kawai yana zuba. Uwar tsutsar wani ƙwaro ne mai fukafukai ruwan ƙasa. Kawu ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan ƙwaron da kuma maƙiyinsa, wani zanzaro ƙarami da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke harbin tsutsar ya sa ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Abin da Kawu yake bi shi ne gadonsu: abin da uwa da uba suke zuba wa 'ya'yansu a cikin jini, wane ne ɗan wane, wace zuriya ce mai ƙarfi, wace ce ta fara lalacewa.

Aljihun rigarsa kullum cike yake da ƙananan kwalabe. Idan ya yi sujada a masallaci sai a ji suna ƙara, har yaran unguwa suka gane sahun da yake ba tare da sun duba ba. Tafiya da shi a mota wahala ce. Daga Madawa zuwa Buza sai ya tsaya a duk gonar da idonsa ya ƙyalla, ya fita, ya yi wa mai gona sallama, ya lanƙwaso zangarniya yana dubawa kamar mai karanta saƙo. Mu muna cikin mota muna narkewa.

Shi da Tanti faɗansu ɗaya ne, a kan firigo. Ta buɗe za ta ɗauki nono, ta tarar da kwalbar tsutsa a gefensa.

"Malam, wallahi wata rana zan dama maka su a hura."

"Ki dama na hagu, Hajiya. Na dama ban gama da su ba."

Ranar da ya fara nuna mini abin da yake yi, ina zaune a barandar gida da la'asar ina rubuta wata waƙa a kan wata da taurari. Ya karɓa ya karanta, ya jinjina kai, ya ce ta yi daɗi, amma shin na taɓa duban abin da ke kusa da ni kamar yadda nake duban wata? Ya kai ni ɗakinsa, ya sa idona a kan madubinsa na ganin ƙananan halittu. Fiffiken zanzaro ne a ƙasa. Na ga jijiyoyi a shimfiɗe kamar rassan gulbi idan an hango su daga kan dutse, da wani launi da ke canzawa tsakanin shuɗi da ja. Na daɗe ban ɗago ba.

"Yi murmushi," ya ce da na ɗago. Na yi. Ya nuna wushiryata. "Wagga ta tsohuwata ce. Innarki ba ta da ita, ni ba ni da ita. Ta ɓoye a jikin Innarki, ta jira ki. Ke nan duk lokacin da kika yi dariya ina ganin uwata. To aikina ke nan, sai dai ni a ƙwari nike nema."

Ya yi shekaru yana tara murzuna daga tuddan Keita, da fadamun Madawa, da gonakin Sabon Gida, har da ƙasashen maƙwabta, yana gwada jininsu. Abin da ya fi son faɗi shi ne, ya ɗauka zai tarar da kowane yanki da nasa iri, sai ya tarar dangi ɗaya ne, iska ke kai amaryar wannan gari wancan gari. Wata rana a wurin ɗaurin aure wani attajiri ya yi ta fahariya cewa gidansu tun kakannin kakanni jininsu bai taɓa gauraya da na wasu ba, yana harara gefen da wasu mutane suke zaune, waɗanda ake yi wa gorin cewa kakanninsu sun yi wa makiyayan arewa bauta. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce cikin natsuwa:

"Allah ya sawwaƙe, Alhaji. A ɗakin aikina in na ga zuriyar da ba ta gauraya ba, na san ta kusa ƙarewa."

Aka fashe da dariya. Shi kuwa bai yi ba. Sai daga baya na gane a ina ya koyi wannan darasin, da kuma abin da ya biya kafin ya koya.

Ina ƙarama abin ya faru, amma na girma cikin labarinsa. Wata damina murzuna ta taso da ƙarfi. A lokacin Kawu Ƙarami ya daɗe yana kiwon zanzaronsa a cikin akwatunan gilashi a Maradi, suna ta hayayyafa, ya ga a ɗaki suna kashe tsutsa yadda yake so. Ya zo gida da ƙananan buhunan algarara, kowanne da hatsi kaɗan da zanzaro a ciki, ya rataye su a itatuwan gonar gidan. Ya roƙi wansa kada ya yi feshi, don maganin zai kashe zanzaron tare da tsutsar. Maƙwabta suna feshi, Kawu Babba yana kallo. Aka yi ta zuwa ana ce masa, Alhaji, gonarka hwa. Ya ce ƙanena ya yi karatu, ya san abin da yake yi.

Zanzaron bai yi aiki ba. Gonar gidan kakanninmu ita ce ta fi kowace lalacewa a ƙauyen. Abin da aka girbe bai kai su tsakiyar rani ba, ga tsohuwa, ga mata, ga yara. Kawu Ƙarami ya aiko da abin da zai iya, amma Kawu Babba ya ce shi ba a ciyar masa da gida. Mutumin da bai taɓa fita ci-rani ba, da furfurarsa ya ɗaure kaya ya bi samari zuwa kudu, ya yi dako a wata kasuwa. Yana can tsohuwarsu ta kwanta ciwo. Kafin saƙo ya same shi, kafin ya sami mota, an riga an rufe ta.

An ce da ya dawo bai shiga cikin gida ba. A zaure ya tarar da ƙanensa zaune cikin masu karɓar gaisuwa, ya tsaya a kansa da jakarsa a kafaɗa.

"Kai ka ce kada in yi feshi, na bi ka. Hatsina ya tahi. Uwata ta tahi ban ga huskarta ba. Daga yau, gaban mutanen ga, ba ni da sauran magana da kai."

Kawu Ƙarami ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Gaskiyarka, Yaya," ya ce.

Ya koma Maradi ya rufe kansa a ɗakin bincike, yana neman abin da ya ci amanarsa. Ya samo shi. Zanzaronsa sun daɗe a akwati ɗaya, ɗan'uwa yana auren 'yar'uwa, zuriya bayan zuriya. A irin wannan ƙwaron, idan jini ya yi kusa da yawa, ƙwan da ya kamata ya zama mace sai ya fito namiji, kuma namijin da ba ya haihuwa. Mace ce ke harbin tsutsa, ita ke sa ƙwai. Buhunan da ya rataye a gonar wansa, galibinsu maza ne a ciki. Da labarin ya kai kunnen taubashiyarsa cewa ta yi: "Sai da ka tahi Turai kaɗai ka gane maza ba su da amfani? Da ka tambaye ni."

Daga nan aikinsa ya juya. Ya fito da hanyar gane zuriyar da ta fara lalacewa tun kafin a kai ta gona, ya kuma kafa ƙa'idar da bai taɓa sassautawa ba: kowace shekara sai an shigo wa na akwati da sabon jini daga waje. Ya rubuta wannan a takardun bincike, ya faɗe shi a taruka, kuma bai taɓa ɓoye cewa daga asarar gonar gidansu ya koya ba. Bayan rasuwarsa na rubuta sunansa a wayata na nema. Na yi ta jan yatsa jerin rubuce-rubucensa bai ƙare ba, ga kuma na wasu mutane daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, suna kafa hujja da shi. Na zauna ina kallon sunan gidanmu a tsakiyar kalmomin da ban iya furtawa ba. Yau idan ka bi ƙauyukan Buza da Madawa a ƙarshen damina za ka ga ƙananan buhuna a rataye a itatuwa, manoma da kansu suke zuwa nema. Yawancinsu ba su san sunansa ba. Ƙudan likita suke ce wa zanzaron.

Ɗalibar nan doguwa, Tanti ce ta ba ni labarin yadda ta zama kamar 'yar gida. Tana dab da kammala bincikenta wutar lantarki ta ɗauke a tsakiyar bazara, zafi ya kashe mata duk ƙwarin da ta yi shekaru tana kiwo. Ta zo ta ce masa za ta koma gida, karatun ba rabonta ba ne. Ya ɗauki mabuɗin ɗakin da nasa suke, ya aje a tafin hannunta, ya ce ta ɗebi rabi. Da aikin ya fito, sunanta ya sa a gaba, nasa a ƙarshe. Wani abokin aikinsa ya yi masa magana, ya ce: "Ni na riga na yi suna a ƙauyenmu, ya ishe ni."

Da dariya ya faɗa, amma ni na san yadda ƙauyen yake masa. Kowace salla sai ya je. Yakan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, ya durƙusa ya ce, "Yaya, barka da salla." Kawu Babba ya ci gaba da jan carbinsa yana kallon bango. Kawu Ƙarami ya ɗan jira, ya tashi, ya shiga wurin mata yana raba wa yara alawa yana tsokanar kowa, kamar ba abin da ya faru. Ana aiko masa da tuwo daga ɗakin uwargidan wansa, yana ci, yana yabawa. A hanyar komawa Madawa kuwa ba ya tsayawa a gonar kowa. Ranar ce kaɗai muke isa gida da wuri.

Inna ta yi iya ƙoƙarinta. Ta kai maganar wurin liman, ta kai wurin maigari, ta sa dattawan dangi sun zauna. Kawu Babba yakan saurara har su gama, ya ce, "Na ji," ya tashi. Kawu Ƙarami kuma yakan ce mata, "Bar shi, Yaya. Kada ki matsa mishi." Ita kuma ta ce duka biyun kan dutse gare su, ta yi kuka, ta share hawaye, ta sake dawowa wata shekarar.

Na taɓa tambayarsa, muna zaune yana wanke kwalabensa, ko abin yana damunsa. Ya ɗaga wata kwalba yana duban ta a hasken rana.

"Wana shi ya goye ni ya kai ni lakwal ranar farko, don na ƙi tahiya. Ya aje ni a ƙohwar aji ya koma gona. Shi ma shina son karatun, amma ɗa ɗaya aka ce kowane gida ya bayar." Ya aje kwalbar. "Mutum irin wannan in ya yi hushi da kai, ba ka ce mishi ya isa."

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Ya faɗi a tsakar gida da safe, aka kai shi gidan likita a Madawa, rabin jikinsa ba ya motsi. Na baro jami'a na zo. Inna ta hau kabu-kabu ta je ƙauye da kanta, ta ce wa wansu ya zo, ƙanensa ba lafiya. Ya ce hatsi na tsaye a gona, Allah ya ba shi lafiya. Ta dawo ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta gyara fuskarta kafin ta shiga.

Maganarsa ta yi nauyi, sai ka kai kunne. Ranar da ta zama ta ƙarshe ya yafito ni.

"An hwara girbi a gida?"

Na ce an fara.

"Zangarniya ta yi ido?"

Na ce ta yi, Kawu, bana ba murzuna.

Ya lumshe ido, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Na yi masa murmushi da gangan, na buɗe haƙorana sosai, ko zai ga uwarsa. Ban sani ba ko ya gani.

Ranar addu'ar arba'in, bayan mutane sun ragu, Inna ta shiga zaure ta durƙusa a gaban Kawu Babba. Ina tsaye a bayanta da butar ruwa.

"Yaya, kalma ɗaya ce. Ba ya nan balle ka ji kunyarsa. Ka ce ka yahe, in samu in yi barci."

Ya dube ta. Idanunsa sun yi ja, amma a bushe suke.

"Tashi," ya ce. "Ke ba ki san kome ba."

Haka muka zauna da abin. Inna ta riƙa yin sadaka da sunan ƙanenta duk Juma'a, tana roƙon Allah ya sassauta zuciyar wanta kafin shi ma a kira shi. Ni kuwa kewar Kawu ba a manyan ranaku take kama ni ba. Sai in ga ƙwaro ya sauka a kan littafina, in ɗaga kai in tambayi sunansa, in tuna ba wanda zan tambaya. Ko in ji ƙarar kofunan shayi a aljihun mai shayi, in waiwaya. Akwai abubuwa da yawa da na ɗauka zan tambaye shi idan na girma, ban san lokacin da nake da shi ke nan ba.

Shekaru sun wuce. Na gama karatu, aka tura ni koyarwa a Keita. Wata ranar kasuwa a Tamaske, damina ta yi nisa, na ga mota a gindin bedi ana sauke ƙananan buhuna, manoma sun kewaye ta. Matar da ke rabawa ta ɗago kai, muka gane juna. Ɗalibarsa ce. Da ta sallami mutane muka zauna a inuwa, ta saya mana fura. Muka yi ta hirarsa, ta kwaikwayi yadda yake tura tabarau da bayan hannu, muka yi dariya har da hawaye. Sai na ce mata abin da ya fi ci mini rai shi ne ya tafi wansa bai yafe masa ba.

Ta aje ludayin, ta dube ni.

"Ya hana ni faɗi," ta ce. "Amma ina ganin hanin na lokacin da yake raye ne."

Ta tambaye ni ko na san inda sabon jinin yake fitowa kowace shekara. Na ce daga waje, haka yake cewa. Ta ce zanzaron nan da rani, idan gona ta bushe, a cikin rumbunan hatsi yake fakewa. Kuma duk shekarun da ta yi tare da shi, daga rumbu ɗaya suke ɗebowa: wani babban rumbun ƙasa a gonar nesa, bayan dutse, inda ba hanyar mutane ba ce. Idan sanyi ya shigo sai su bar mota a bakin kwari su taka da ƙafa. Na san rumbun, na Kawu Babba ne. Na kuma san abin da kowa ya sani a ƙasarmu, cewa rumbun maigida ba mai buɗe shi sai maigida.

"Kullum muna isa muna tarar da shi zaune a gindin gawo da tsani," in ji ta. "Shi ke hawa ya ɗage murfin, ya sauko, sannan Malam ya hau."

Na ce, suna magana?

"Magana? Ba sa barin ta. Wan ya yi ta yi masa faɗa: ka yi ƙiba, ka taka a hankali kada ka hwasa mini rumbu, ka ɗebi mata da yawa kada ka sake kawo muna 'yan zaman banza. Su zauna su sha hura a ƙwarya ɗaya, su yi ta gardamar wa ya fi wani furfura."

Ta ce Malam ya gaya mata tun shekarar da ta biyo bayan rigimar aka fara. Wan ne ya aika wani direba da saƙon baki: a gaya wa Lokotoro ƙudansa sun cika mini rumbu, ya zo ya kwashe abinsa. Amma ya riga ya furta magana a gaban jama'a, kuma bai san yadda ake mayar da ita ba. Ƙanen kuwa ya ce in dai girman wansa a ƙauye yana buƙatar a ga ana fushi da shi, zai ci gaba da durƙusawa a zaure duk salla har ƙarshen ransa.

"Na sha cewa ya kawo in riƙe tsanin, ya huta," in ji ta. "Sai ya ture hannuna. Duk shekarun nan, in dai ƙanensa na sama, bai taɓa yarda wani ya riƙe ba."